Muryar da Faifai Ya Tsallake: Zabiya, Guɗa da Tarihin Ɗaukar Sauti

A unguwar Minanata da ke birnin Sakkwato, kamar sauran unguwannin garin, ranar kai amarya tana da sautinta. Motoci sun jeru a ƙofar gida, lasifika tana amon waƙar da aka zuba daga waya, yara suna kai da kawowa. Can sai wata dattijuwa daga cikin dangi ta kama hancinta da yatsu biyu, ta ɗaga kai, ta rangaɗa guɗa. Sautin siriri ne, amma yakan keta kiɗan lasifika ya fita har titi, kowa ya san an fito da amarya. Wayoyi da dama suna ɗaukar bidiyo a daidai wannan lokaci, muryar kuma tana shiga cikinsu duka. Sai dai idan aka sake kallon bidiyon bayan shekara biyar, za a faɗi sunan amarya, a faɗi na mawaƙin da aka sa waƙarsa, amma da wuya a sami wanda zai tuna wace ce ta yi guɗar.

Wannan 'yar mantuwa tana da dogon tarihi. Siririyar muryar mace mai tashi sama, mai lanƙwasa da rawar sauti, fasaha ce da al'ummomi da yawa suka sani. A Turai na'urar ɗaukar sauti ta kama ta tun farkon ƙarni na 20, ta liƙa mata sunayen masu ita, har ta zama ilimin da ake karantarwa. A ƙasar Hausa na'urar ta iso, ta ɗauki muryoyin maza makaɗan fada, muryar mata kuwa ta bar mafi yawanta a cikin gida. Bin sawun yadda hakan ta faru yana nuna abin da al'umma ke samu da abin da take rasawa idan sauti ya shiga faifai.

Aikin zabiya

A fadojin ƙasar Hausa, zabiya ita ce mace mai waƙa da kirari ga sarki da iyalinsa. Aikinta ya bambanta da na maguɗiya, wadda guɗa kaɗai take yi, ko da yake sau da yawa mace ɗaya takan haɗa biyun. Abu na farko da zabiya take bukata shi ne hadda: sunayen kakannin sarki, laƙubbansu, yaƙe-yaƙen da suka yi, da wanda ya haifi wane. Na biyu shi ne numfashi, domin takan jero kirari mai tsawo ba tare da ta yanke ba. Na uku shi ne murya mai hawa sama. Tana aiki ne a tsakiyar tambura da algaita da kakaki da sukuwar dawaki, a zamanin da babu lasifika. Murya mai kauri takan nutse cikin amon ganga, siririya mai kaifi kuwa takan bi ta samansa ta isa kunnen wanda ake yi dominsa.

Guɗa ita ce ƙololuwar wannan murya. Mai yin ta tana riƙe sauti ɗaya can sama, tana karkaɗa shi da harshe cikin sauri. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san ba kowace mace ce ta iya ba, kuma a cikin waɗanda suka iya akwai na gaba. Akwai wadda tata gajera ce, akwai mai jan ta har a ɗauka numfashinta zai ɗauke, akwai wadda dangi kan gane tata tun daga zaure. Ashe dai akwai ma'auni, akwai gwanaye, akwai masu sauraro da suka san bambanci. Abin da babu shi ne rubutaccen tarihin gwanayen.

Sunan da Italiyawa suka ba ta

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa tare da kiɗa, ya kuma samo asali a Italiya wajen shekarar 1600. Muryar mace mafi tashi a cikinsa ita ake kira sofurano. A cikin masu wannan murya akwai wani rukuni da ake kira koloratura, daga kalmar da ke nufin shafa launi, wato yi wa waƙa ado. Mai koloratura takan ɗauki gaɓa ɗaya ta kalma ta ja ta a kan sautuka ashirin ko fiye, tana hawa tana sauka kamar mai gudu a kan tsani. Takan tsinka sautuka ɗaya bayan ɗaya kamar ɗigon ruwa. Takan kuma karkaɗa murya tsakanin sautuka biyu maƙwabta. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi kama da guɗa a kunne, bambancin dai shi ne ita da maƙogwaro take yi, maguɗiya kuwa da harshe.

Fitaccen misali shi ne rawar da Sarauniyar Dare ke takawa a operar Mozart mai suna Die Zauberflöte, wato sarewar sihiri, wadda aka fara nunawa a birnin Biyenna na ƙasar Ostiriya a 1791. A cikinta ana bukatar mawaƙiya ta kai wani sauti da iska ke girgiza kusan sau 1,400 a daƙiƙa guda. Mozart ya tsara wannan ne daidai da muryar Josepha Hofer, yayar matarsa. Bayansa Italiyawa irin su Rossini da Bellini da Donizetti suka mai da wannan ado ginshiƙin operarsu. A Lucia di Lammermoor ta Donizetti, wadda aka fara nunawa a Naples a 1835, an yi amfani da shi wajen nuna amaryar da aka yi wa auren dole hankalinta ya gushe.

Turawa suna da hanyar rubuta sauti a takarda, saboda haka abin da Mozart ya tsara ya tsira. Amma takarda ba ta riƙe murya. Babu mai rai da ya san yadda muryar Josepha Hofer take. Jenny Lind 'yar ƙasar Suwidin, wadda Amurka ta yi wa tarbar sarauta a 1850, ta rasu a 1887 ba ta bar faifan da za a saurara ba. Abin da ya saura nata shi ne yabon waɗanda suka ji ta. A wannan fuska, ita da zabiyoyin zamaninta na fadojin Kano da Katsina da Zazzau duk jirgi ɗaya ya ɗauke su.

Shekarun da hanya ta rabu

Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar sauti a 1877, Emile Berliner kuma ya fito da garmaho mai amfani da faifai a 1887. A watan Afirilu na 1902, wani Ba'amurke ma'aikacin kamfanin Gramophone na Landan, Fred Gaisberg, ya ɗauki muryar Enrico Caruso a birnin Milan. Cinikin da faya-fayan suka yi ya sa manyan mawaƙa suka daina raina na'urar. Nellie Melba 'yar Ostireliya ta amince aka ɗauke ta a gidanta na Landan a 1904. A ƙarshen 1905 aka kai kayan aikin har gidan Adelina Patti a yankin Wales, tana da shekara 62, muryar ta fara gajiya, amma aka samu aka tsirar da ragowarta.

Tsakanin waɗannan shekaru ne, ranar 15 ga Maris, 1903, sojojin Ingila suka gwabza da mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a filin Giginya, suka shiga Sakkwato. Wato a lokacin da wani kamfanin Landan ke yawo yana tara muryoyin mawaƙan duniya, abin da Landan ta aiko wa Sakkwato bindiga ce mai ruwa.

Aikin ɗaukar sauti a wancan zamani da wahala yake. Babu makirfo. Mawaƙiya takan tsaya gaban wani babban mazurari na ƙarfe ta rera, ƙarfin muryarta ya girgiza allura, allurar ta yi zane a kan kaki. Idan za ta hau sauti mai ƙarfi sai ta ja da baya, don kada allurar ta ɓata zanen. Gefe ɗaya na faifai bai wuce minti uku zuwa huɗu da 'yan kai ba. Waƙoƙin koloratura sun dace da wannan ƙunci, domin cikin ɗan lokaci mai yi takan baje kolin gwanintarta. Luisa Tetrazzini da Amelita Galli-Curci sun ci moriyar haka. Galli-Curci ta fara yi wa kamfanin Victor na Amurka faifai a 1916, kuma mutanen Ingila sun san muryarta sarai kafin su ga fuskarta a 1924. Da makirfo mai lantarki ya shigo a 1925, sai sautin ya ƙara tsabta.

Gaisberg bai tsaya Turai ba. A ƙarshen 1902 ya isa Kalkata ta ƙasar Indiya, inda ya ɗauki Gauhar Jaan, gwana a salon waƙar Indiya mai yawan lanƙwasa. Da yake a Hanover ta ƙasar Jamus ake buga faya-fayan, kuma ma'aikatan can ba su jin harshenta, sai ta riƙa faɗin sunanta a ƙarshen kowace waƙa domin a san abin da za a rubuta a kan faifai. Dabara ce ta ciniki kawai, amma ita ta sa yau bayan fiye da shekara 120 ana jin ta tana gabatar da kanta da bakinta.

Riba da hasara

Faifai ya ba mawaƙan Turai abu uku. Ya haɗa murya da suna. Ya ba da damar kwatanta gwanar jiya da ta yau, har mai sauraro ya iya jera Tetrazzini da Maria Callas da Joan Sutherland, wadda ta yi fice a Lucia a zauren Covent Garden na Landan a 1959, ya auna numfashin kowacce. Ya kuma zama malami mai zuwa inda malami bai isa ba. Pretty Yende 'yar Afirka ta Kudu ta fara jin opera ne a wata tallar kamfanin jirgin sama a talabijin tana budurwa, kuma ita ce ta rera waƙa a bikin naɗin Sarki Charles na uku a Landan a watan Mayu na 2023.

Akwai kuma abin da ya ƙwace. A zamanin Donizetti, mawaƙiya ce ke ƙirƙiro nata adon a wuraren da aka bar mata, kuma takan sauya shi daga dare zuwa dare. Shahararren wurin nan na Lucia inda murya ke tsere da sarewa ba Donizetti ne ya rubuta shi ba. Masu bincike suna danganta shi da Melba da malamarta Mathilde Marchesi, wajen shekarar 1889. Da ya shiga faifai, sai ya zama kamar doka, mawaƙa suka yi ta maimaita shi tsara bayan tsara. Abin da aka kama ya tsira, amma ya daskare.

Dalilin da ya sa aka tsallake cikin gida

Sakkwato gari ne da malamai suka kafa. Muhammadu Bello ya gina shi a 1809, shekara biyar bayan fara jihadin mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin halayen sarakunan da ya soka. Duk da haka muryar mata ba ta yi shiru ba, an dai ba ta wani aiki. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta rubuta waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru. Jajis, matan da take naɗa wa malfa da jan rawani, su ne ke ɗaukar waƙoƙin zuwa ƙauyuka, suna rera wa mata su haddace. Ajami ya adana kalmomin, har Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukanta suka buga a 1997. Karin rerawar kuwa daga baki zuwa kunne kaɗai ya yi ta gangarowa.

Wannan shi ne yanayin da na'ura ta tarar: mata suna waƙa sosai, a gidan biki, a wajen daka da niƙa, a cikin gidan sarki, a da'irar karatu, amma mafi yawan wuraren nan namiji baƙo ba ya shiga. Masu ɗauke da rikoda kuwa kusan duk maza ne. Kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin Afirka ta Yamma a Landan a ƙarshen shekarun 1920, har da na Hausa, amma babbar ƙofar da waƙar Hausa ta shiga taska ita ce rediyo, daga shekarun 1950, musamman bayan gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962.

Ta wannan ƙofa aka ji Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na uku, da Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991. Ƙasar Sakkwato ta yi sa'a ƙwarai da waɗannan, domin har gobe ana nazarin waƙoƙinsu a jami'o'i, yara kuma suna jin su a waya. Su a fili suke aiki, a ƙofar fada da wajen hawan salla, ga 'yan amshi ga kayan kiɗa, sun kuma iya tafiya Kaduna. Zabiya kuwa rabin aikinta a cikin gida yake. Inda muryarta ta shiga tef, sau da yawa a bayan fage take, guɗa ce da ke tashi a tsakiyar waƙar wani, sunan wannan wanin kuma shi ake sanarwa.

Masu bincike sun ɗan cike giɓin. David Ames da Anthony King, waɗanda suka yi aiki a Zariya da Katsina a shekarun 1960, sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Beverly Mack, da yake mace ce, ta sami shiga inda maza ba su shiga a Kano, littafinta na 2004 a kan waƙoƙin mata ya fito tare da faifai, ya kuma kawo sunaye irin su Maizargadi ta fadar Kano da Binta Katsina. Matan da jama'a suka fi sani kuwa ta hanyar amada suka fito, kiɗan ƙwarya na bukukuwan mata: Uwaliya Mai Amada a Kano, da Barmani Choge ta Funtuwa wadda ta rasu a 2013. Rediyo da talabijin da kaset sun ɗauke su, shi ya sa suna da tarihi. Misalinsu ya nuna cewa masu sauraro ba su taɓa ƙin muryar mace ba, hanyar isa gare ta ce ta yi ƙaranci.

Siririyar murya ta dawo ta Indiya

Wani abin mamaki shi ne, siririyar muryar mace da ta fi cika kunnen Hausawa a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 daga ƙetare ta zo. Tun shekarun 1950 gidajen sinima na arewa suke nuna finafinan Indiya, kuma a yawancinsu muryar da ke fitowa daga bakin jaruma ta Lata Mangeshkar ce, wadda ta rayu daga 1929 zuwa 2022. Muryarta tana tashi sama, tana lanƙwasa gaɓa ɗaya sau da yawa, gadon irin makarantar da Gauhar Jaan ta fito. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama a Kano daga 1990, sai suka ɗauki wannan tsari na mawaƙiyar bayan fage. Aka sami Rabi Mustapha da Maryam Fantimoti da Fati Nijar da ire-irensu, waɗanda a wannan karon aka san sunayensu.

Nan ma akwai farashi. Ɗakunan haɗa sauti na yau suna amfani da manhajar kwamfuta mai daidaita murya, wadda kan goge 'yan karkace-karkacen da ke bambanta wannan maƙogwaro da wancan. Yarinyar da ke tasowa a Minanata ko Mabera ko Gidan Igwai tana jin irin wannan gogaggiyar murya kullum a waya, guɗar kakarta kuwa sai ranar biki. Wadda kunne ya saba da ita, ita baki zai kwaikwaya.

Abin da ya rage a hannu

Ba a makara gaba ɗaya ba. Fadoji suna nan da matan da suka gaji wannan aiki, 'Yan Taru ba su ƙare ba, kuma kowane dangi yana da gwanarsa ta guɗa. Shingen da ya hana rikoda shiga cikin gida ya faɗi da kansa, domin yanzu na'urar tana hannun matan gidan. Ɗaliba a sashen Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo za ta iya zama da goggonta ta ɗauki abin da Ames da King ba su da ikon ɗauka, cikin sutura da yardar mai muryar. Sakkwato kuma ta san darajar ajiya: Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu tana riƙe da rubuce-rubucen magabata, gidan Rediyon Rima da na Kaduna suna da tsofaffin tef waɗanda zafi da ƙura ba su raga musu ba. Mai da su zuwa kwamfuta, da tambayar tsofaffin ma'aikata ko muryar wace ce ke tashi a bayan wane makaɗi, aiki ne da ke da iyakar lokaci, domin masu amsar suna ta raguwa.

Darasin Turai shi ne a ɗauki gwanaye da yawa, kowacce fiye da sau ɗaya, don kada salon mutum ɗaya ya zama doka ya kashe na saura. Darasin Kalkata ya fi sauƙi: kafin a kashe na'ura, a bar mai muryar ta faɗi sunanta, da garinsu, da wadda ta koya mata.